Masaƙin da Ya Rage

Ranar Asabar na buɗe ɗakin Baba.
Kwaɗon ya yi gardama, sai da na ɗiga masa man gyaɗa.
Shekara uku ba wanda ya taka ciki,
ga ɗan haya zai tare ranar Litinin,
wani malamin firamare daga Rigasa,
har ya ba da kuɗin wata shida.

Na ɗaura tsintsiya a bakin gora
da ƙyallen tsohon zanen Inna,
na rufe hanci da ɗankwali,
na yi bismilla.

Yana ta ko'ina.
Daga fankar sama zuwa ƙusar da yake rataye hula,
daga ƙahon keke zuwa kalandar da ta tsaya a Sha'aban,
cikin takalmi, bayan rediyo, a wuyan buta.
Wata ta tsufa, ta yi baƙi, tana reto kamar gemun bunsuru,
wata sabuwa fil, ko ƙuda ba ta kama ba tukuna.

Shekara ashirin da shida ya yi a masaƙa a Kakuri.
Da asuba ya bar Tudun Wada, ya haye gada a kan keken nan,
ya dawo da auduga a gira,
kunne na ƙugi, sai an ɗaga murya yake ji.
Ran da aka rufe masaƙar ya dawo da hantsi,
ya jingine keken,
ya ce, an ce a jira.
Ya jira.
Takardar haƙƙinsa na nan cikin gwangwanin madara,
gizo-gizo ya ɗinke murfin.

Inna ta leƙo, ƙafarta ba ta wuce dokin ƙofa ba.
"Tabawa, share yanar, amma kar ki kashe mai ita.
Kakansa ne ya yi saƙa a bakin kogo."
Na ce, "In tautau ne fa?
Kin manta yadda wuyan Sagiru ya yi bara?"
Ta ce, "Ko shi ne, kai shi waje.
Ɗaki za mu bayar, ba rai za mu ɗauka ba."

Na kai gora sama, na murɗa,
yana ta naɗe tsintsiya kamar zare a mazari.
Ƙura ta zubo min a ka,
na yi atishawa har sau bakwai, na daina ƙirgawa.
Na hau kujera na goge fukafukan fanka ɗaya bayan ɗaya,
ruwan bokiti ya koma launin Kogin Kaduna a tsakiyar damina.
Na zubar, na ɗebo, na sake zubarwa.

Bayan hoton Baba da abokan aikinsa na same shi,
ɗan mitsitsi, ƙafafu kamar gashin ido.
Na rushe masa gari guda,
amma ko kallona bai yi ba.
Ya je, ya dawo, ya ƙulla, ya sake komawa,
yadda yatsun Baba ke yi a iska in ya yi gyangyaɗi,
suna ɗaure zaren da ya tsinke.
Ba albashi, ba jiniyar tashi,
ba wanda zai kulle masa ƙofa ya ce ya jira.

Na tallabe shi a bayan ambulan,
na kai shi gindin gwaibar bayan gida,
na ce, ga sabon wurin aiki, Allah ya ba da sa'a.

Kafin magariba ɗakin ya yi fes,
har muryata tana dawo min daga bango.
Ban so hakan ba.

Da safiyar Lahadi na koma wanke daɓe.
Rana ta shigo ta taga, sai ga shi:
zare ɗaya, siriri, yana ƙyalli,
daga ƙusar hula zuwa ƙarfen taga.
Wani ya kwana a bakin aiki.

Na daɗe tsaye da tsintsiya a hannu.
Inna ta kira, wai koko zai huce.
Na sunkuya na wuce ta ƙarƙashinsa,
na jawo ƙofar a hankali.